Kukan Da Ya Shiga Fim

A gidansu Auta ba a kuka. Ba wai an rubuta an manna a bango ba ne, amma ko baƙo ne ya wuni a gidan sai ya gane. Tun ranar da Mama ta rasu, Auta tana 'yar firamare, Baba ya tsaya a tsakiyar falo ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga murya zai gamu da shi. Daga ranar kowa ya koyi haɗiye abinsa.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da falo. Abin alfaharinsa a duniya hannunsa, wanda ya ce bai taɓa yin rawa ba, don bai taɓa barin zuciya ta ja shi ba.

To, irin wannan uba Auta ta kawo wa Mai Fassara, mutumin da sana'arsa ita ce ya ɗauko fim ɗin wata ƙasa ya cire muryoyin ciki ya sa tasa. Shi ne tsoho, shi ne yaro, shi ne ɓarawo, in ta kama ma shi ne amarya. Yaya, babban wan Auta, tun daga ranar farko ya raɗa masa suna Aku.

Baba bai yi faɗa ba, shi da ma ba ya faɗa. Gilashin aikinsa kawai ya cire daga ido ya ce, "Mutumin da ke kukan haya da dariyar haya, da wace murya zai gaya miki gaskiya? Ban amince ba. Ke ba yarinya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce ke, ba zan ɗaure ki ba. Amma in kin tafi wurinsa, ba da albarkata ba."

Kalmar ƙarshen nan ita ta karya Auta. Ta je ta sallami Mai Fassara da bakinta, ta dawo gida ido a bushe, ta ce wa Yaya abokin nan nasa Injiniya da ya daɗe yana naci yana iya zuwa su daidaita. Yau Asabar aka sa zai zo da yamma a tsaida magana.

Ni dai da nake ba ku labari na san ba son Injiniya take ba. Ita ma ta sani, har kujerun falon sun sani.

Ta dawo daga aikin safe ke nan, ko takalmi ba ta gama cirewa ba, ta tarar da Anti matar Yaya ta miƙe ƙafa a kan doguwar kujera, ta jona wayarta da talabijin. Muryar da ke fitowa daga ciki ta daki ƙirjin Auta tun daga bakin ƙofa.

"Anti, don Allah rage sautin nan."

"Ke dai zo ki ga ikon Allah," in ji Anti, ba ta ko waiwayo ba. "Sabon fim ɗin mutumin naki ne, af, tsohon mutumin naki. Wani gari ne a can gaba, an hana kowa jin komai. Ba so, ba fushi, ba kuka. Kowa da munduwa a hannu, in zuciyarka ta motsa sai ta yi ja, sai a zo a tafi da kai a wanke maka kai tas. Kin ga tsohon can? Shi ya ƙera munduwar. Wannan kuma 'yarsa ce, tata ta yi ja a kan wani mai goge gilashi, uban da kansa ya sa hannu a kama ta."

Auta ta sunkuya tana kwance igiyar takalmi, ta ƙudurta ba za ta kalla ba.

A talabijin aka tura yarinyar cikin wani farin ɗaki aka rufe. Ta zame jikin bango ta zauna. Sai kuka ya ɓarke.

Hannun Auta ya tsaya cak.

Ba irin kukan fim ba ne mai daɗin ji. Kuka ne mai shaƙewa, mai jan majina, na wanda ya daɗe bai yi ba har ya manta yadda ake yi. Ya yi ƙasa kamar zai ƙare, ya sake tashi. Can cikin shessheƙa muryar ta ce, "Wayyo Mama... wayyo Mamana, kin tafi kin bar ni da su."

Anti ta tashi zaune a hankali. Ta dubi talabijin, ta dubi Auta.

"Auta... wannan ai muryarki ce."

Ƙofar shago ta buɗe. Baba ne tsaye, gilashin aiki maƙale a idonsa, ɗan ƙaramin abin kwance noti a hannunsa. Bayansa ga Yaya, wanda ya shigo da katan ɗin lemon tarar baƙo.

Babu wanda ya yi motsi har kukan ya kai inda Anti ta lalubo rimot ta kashe.

* * *

"Ni za ki tozarta?" Yaya ya dire katan ɗin har kwalaben suka yi ƙara. "Fim kika shiga? Kin ce kin rabu da Aku, ashe can kike zuwa kina masa kukan haya? Kin san mutum nawa ke da wannan abin a waya yanzu?"

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Ba ki sani ba! Muryar taki ce ta tashi ta tafi da ƙafarta?"

Abin da ya fi zagin Yaya yi wa Auta ciwo shi ne ta gane kukan. Ta san ranar da ta yi shi, ta san ɗakin. Abin da ba ta sani ba shi ne an naɗa. Mutumin da ta ba amanar zuciyarta ya ɗauki kukan rabuwarsu ya sayar wa gari.

Ta dubi Baba tana jiran hukunci. Ya juya ya koma shago ya ja ƙofa.

Ta mayar da ƙafarta cikin takalmi.

"Ina za ki?" in ji Yaya. "Injiniya na hanya!"

"In ya zo ya jira."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa mayar wa Yaya magana ba. Kafin ya gama mamaki ta kai bakin titi.

* * *

Wurin aikin Mai Fassara ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da fenti. Na waje da tebur da kwamfuta da tsohuwar fanka mai kaɗa kai. Na ciki ɗan ƙuƙut ne, an bi bangonsa da soso mai kauri don kada sauti ya fita ko ya shigo, daga makirfo sai kujera ɗaya.

Ko sallama ba ta yi ba. Dogo, abokin aikinsa mai haɗa sauti da hoto, yana ganinta ya miƙe har ya ture kofin shayinsa.

Mai Fassara yana zaune riƙe da waya a kunne. Ya rame, gemu ya cika masa fuska ba gyara. Ya kashe wayar ya tashi.

"Sista..."

"Kar ka kira ni. Nawa ka samu?"

"Ki saurare ni."

"Na ce nawa ka samu da kukana? Ranar da na zo na ce mu haƙura, ko gezau ba ka yi ba. Ka dube ni ido a bushe ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ka fita wai za ka samo min abin hawa. Na ce a raina ashe Baba ya yi gaskiya, duk zaƙin bakin nan na aiki ne. Ashe ma tarko ka ɗana min ka fita!"

Hawaye suka cika mata ido, ta mayar da su da ƙarfin tsiya. Ta saba.

"Sista, laifina ne, ba na Oga ba," in ji Dogo. "Ki bari in faɗa miki, in ya so ki mare ni."

Ta juya ta zuba masa ido.

"Kin san mu in za mu fassara fim, muryoyin asali duk muke cirewa. To har kuka da tari da dariya sai mun sake yin namu. Ranar nan Oga ya kunna na'ura zai yi kukan yarinyar nan ta farin ɗaki, har ya sa wa fayil ɗin sunan wurin. Ni na fita sayen batir. Ashe kin shigo a lokacin. Da ya fita..."

"Na shiga can," Auta ta faɗa a hankali tana kallon ɗakin soson. "Na san ba a jin sauti daga waje. A gidanmu ba a kuka, a titi kuma ba zan yi ba."

"To makirfo a kunne yake. Washegari Oga bai zo ba, ya kwanta zazzaɓi, masu saye kuma sun dame ni da waya. Na buɗe fayil na ji kuka, na ce kai, Oga ya samo ƙwararriya! Na ɗora shi a wurinsa ya zauna daram. Tunda muke bai taɓa sakin fim bai kalla ba sai wannan. Ya ce min in sake shi kawai, shi ba ya son jin muryar kowa."

"Jiya na sani," in ji Mai Fassara. "Kin san lambata na bi ta ƙasan fim, masu kallo na kira su yi tambaya. Wata ta kira ta ce wace ce ta yi kukan nan, ta hana ta cin abinci. Na kunna na ji. Tun jiya nake bin masu tura fim a waya ina roƙonsu su goge. Wanda na roƙa ya goge, ya riga ya tura wa wasu. Na rasa da wace fuska zan kira ki."

Auta ta ja kujera ta zauna. Fushin bai tafi ba, ya dai rasa wanda zai kama.

"Kunna min," ta ce.

"Sista, ba sai kin..."

"Kukana ne ko naka? Na ce ka kunna min. Tun daga farko."

* * *

Da ma haka suka saba tun suna tare. Ita ba ta iya kallon fim baki a rufe, shi kuma ba ya gajiya da amsa. Yau dai tambayoyin da kaifi suke fita.

"Tsaya. In ba sa jin tsoro, me ya sa mutane ke gudu in sun ga masu kame?"

"An koya musu gudun ne tun suna yara. Haka fim ɗin ya ce."

"Ƙarya ne. Dubi idon matar can. Ni da nake auna bugun zuciyar mutane kullum, na san mai tsoro in na gan shi. Suna ji, ɓoyewa suka iya."

Fim ya ci gaba.

"To jarirai fa? Jariri ai da kuka yake zuwa duniya. Shi ma kama shi ake?"

"Ba a sa wa yaro munduwa sai ya yi wayo."

"Wato sai ya san daɗin kukan sannan a ƙwace." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na san garin nan. A can na girma."

Dogo ya sulale ya sauka ƙasa wai zai duba ko ya kulle babur ɗinsa.

"Wannan tsohon da ya ƙera munduwar, me ya kai shi?"

"Annoba ce ta kashe rabin garin, har da matarsa. Mutane suka yi ta mutuwa da baƙin ciki. Ya ce zai cece su."

"Kowa a garin hannun rigarsa gajere ne don a ga munduwa. Shi me ya sa nasa dogo ne har wuyan hannu?"

Mai Fassara ya dube ta. "Wannan tambayar ce aka fi kira ana min. Fim ɗin bai faɗa ba har ya ƙare."

"Kai me kake ce musu?"

"Ina cewa ni mai fassara ne, abin da ba a faɗa ba ba na ƙara shi."

"Matsoraci," ta ce, amma a hankali.

Aka zo farin ɗaki. Ta dafe gefen tebur ta saurari kanta tun daga farko har ƙarshe, ba ta kau da kai ba. Abin mamaki, kunyar da ta taho da ita ba ta zo ba. Tausayin yarinyar ne ya kama ta, da ta cikin fim da ta cikin ɗakin soso.

Mai Fassara ya miƙa hannu da sauri zai kashe.

"Bari. Ai bai ƙare ba."

"Sauran ba komai, Sista, duk faɗace-faɗace ne."

Ta riƙe masa hannun riga. A fim aka nuno mai goge gilashin nan, saurayin yarinyar, yana rataye da igiya a jikin wani dogon bene, ya hango motar da ta tafi da ita. Ya jingina goshi da gilashi.

Sai wani kukan ya fara, na namiji.

Auta ta san kukan aikin Mai Fassara sarai. Ta sha zama tana masa dariya yana toshe hanci da hankici yana "hu-hu-hu". Wannan ba shi ba ne. Wannan gurnani ne mai fita da ƙyar, kamar ana jan tsohuwar durowa da ta cije. Babu ko kalma ɗaya a ciki.

Ta juyo a hankali.

"Wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da na dawo da mai abin hawa na tarar kin tafi. Na sallame shi. Ni ma wurin da ba a ji na nema. Fayil ɗaya ne. Dogo ya zaci duk na aiki ne."

"Me ya sa ba ka yi a gabana ba? Ka san da me nake kwana nake tashi tun ranar? Na ɗauka ban kai ko hawaye ɗaya a wurinka ba!"

"In na yi a gabanki ba za ki iya tafiya ba. Ke kuma albarkar mahaifinki kika zaɓa. Wane ne ni da zan tsaya tsakaninku?"

"Kai ma ashe dogon hannun riga gare ka."

Wannan karon ba ta mayar da hawayen ba. Ta bar su suka zubo har kan farar rigar aikinta, shi ma nasa suka biyo gemu. Sun daɗe a haka, fanka na ta kaɗa kai a tsakaninsu.

"Zan ci gaba da bin masu tura fim ɗin," ya ce da ya samu murya. "Zan fitar da wani da kukan hankici, in sa a maye gurbin wannan. In Yaya na so in zo in durƙusa masa, zan zo."

Auta ta share fuska da bayan hannu ta miƙe.

"Kar ka taɓa shi."

"Sista, mutuncinki..."

"Sata na yi ko zagi? Uwata na kira. In ka cire shi, to ka tabbata ka rabu da ni na gaske."

* * *

Ta tarar da motar Injiniya a ƙofar gida, wankakkiya tana ƙyalli. A falo ga shi nan zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Yaya na gefensa yana huci, Anti ta rakuɓe a bakin kicin. Baba yana kan kujerarsa ta kullum, hannuwa a kan gwiwa.

Injiniya ba mugun mutum ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da ko gobara ta tashi sai ya gama ɗaure agogonsa zai fita.

"Ƙanwata, sannu da dawowa," ya ce da murmushi. "Yayanki ya min bayani. Kar ki damu, ni ba na ɗaukar abu da zafi. Kuskure ne na ƙuruciya. Zan sa lauya ya rubuta wa yaron nan, a janye abin. Nan da ɗan lokaci kowa ya manta, ke ma kin manta."

"Ka kalli fim ɗin?"

"Na ɗan duba a waya kafin ki zo. Gaskiya garin ya burge ni. Ba cunkoso, ba hayaniya, kowa na kan aikinsa. Ni ban ma ga abin da ya kai yarinyar ta ɓata wa kanta rayuwa ba."

Anti ta toshe baki da gefen mayafi ta shige kicin.

"Na gode da ka faɗi gaskiyarka," in ji Auta. "Ni ma ga tawa. Ba na sonka, Injiniya. Ban taɓa sonka ba, na ce ka zo ne don in huta da ciwon wani. Ka yafe min ɓata maka lokaci, ka fi ƙarfin a aure ka don a huce haushi."

"Auta!" Yaya ya zabura. "Kin haukace? A gaban Baba?"

"A gaban Baba nake so, Yaya. Na gaji da yi a bayan ƙofa."

Ta zo gaban mahaifinta ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, kukan da ka ji nawa ne. Ba haya aka ɗauke ni ba, ban ma san ana naɗa ba. Na yi shi ne ranar da na bi umarninka. Kuma ba na ranar kaɗai ba ne, har da na Mama da ka hana ni, na riƙe shi tun ina 'yar firamare har sai da na samu ɗakin da ba ka ciki. Ba zan sa a goge shi ba. Ba zan gudu in bi kowa ba, ban iya wannan ba, albarkarka nake so. Amma in ba shi ba, to ba kowa. Zan zauna a gidan nan in tsufa a gabanka, kuma duk ranar da kuka ya zo min, a falon nan zan yi shi."

Ta ƙofar shago da aka bari a buɗe ana jin agogunan Baba suna ta ƙas-ƙas.

Injiniya ya miƙe ya gyara rigarsa. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ce, kuma shi har cikin ransa haka yake nufi. Yaya ya bi shi waje yana ba shi haƙuri.

Baba bai dubi Auta ba. Talabijin ɗin da ke kashe yake kallo.

"Bayan kin fita na sa matar yayanki ta kunna min," ya ce. "Na kalla har ƙarshe."

Auta ta gyara durƙusonta.

"Akwai abin da ban gane ba. Tsohon nan shi ya sa hannu aka rufe 'yarsa. To me ya zaunar da shi a bakin ƙofar ɗakin har aka gama? Ba shi da aikin yi ne?"

"Fim ɗin bai faɗa ba, Baba."

"Hannun rigarsa fa? Me yake rufewa?"

"Shi ma ba a faɗa ba."

"Ke me kika gani?"

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Munduwarsa ta fi ta kowa ja. Tun ranar da matarsa ta mutu ba ta koma fari ba. Ya ɗauka in ya ji kukan wani, nasa zai ƙwace masa, shi ya sa ya hana gari duka."

Yaya da ya dawo ya tsaya turus a bakin ƙofa, yana jiran ya ga ta inda Baba zai fara.

Baba ya juyo ya dubi Auta. Sannan ya ce, "Kukan na biyu, na namijin. Shi ma na haya ne?"

"Ka tambaye shi da kanka. Lambarsa na bi ta ƙasan fim, kowa kira yake."

"Ke, kunna min wurin," Baba ya ce da Anti.

Anti ta fito ta kunna, ta tsayar da hoton daidai inda lambar ta fito. Baba ya ciro tsohuwar wayarsa mai madannai daga aljihu. Ya danna, ya yi kuskure, ya goge. Ya sake dannawa, ya sake kuskure. Auta na durƙushe tana kallon yatsun da ke ɗaukar notin da ido bai cika gani ba, yau sun kasa samun lamba a waya.

Bai ce ta taimaka masa ba, ita ma ba ta miƙa hannu ba. A karo na gaba kiran ya shiga.

"Kai ne mai amsa tambayar 'yan kallo?" Baba ya ce. "Mai gyaran agogo ne."

Ko daga inda take Auta ta ji yadda numfashin Mai Fassara ya ɗauke.

"Ina da tambaya a kan fim ɗinka, amma ba ta waya ba ce. Gobe in na buɗe shago ka zo." Ya ɗan tsaya. "Muryoyin nan naka duk ka bar su can wurin aiki. Ka zo min da wadda na ji a bakin mai goge gilashin nan na fim."

Ya kashe wayar.

Auta ta so ta ce ta gode, bakin ya ƙi. Kukan ne ya riga maganar fitowa, da ƙarfinsa, a tsakiyar falo, daidai wurin da aka hana ta shi tana yarinya.

"Ke, yi wa mutane shiru!" Yaya ya daka mata tsawa, yana satar kallon Baba.

Baba ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba in zai tsawatar. Hannun ya tsaya a sama yana rawa, kowa na gani. Sai ya sauke shi a hankali ya ɗora a kan Auta.

"Ƙyale ta," ya ce, muryarsa a dishe. "Uwarta take kira."